Aljihun Da Umma Ta Ɗinka

Na ga saƙonninku, masu bin labarin nan. Wata baiwar Allah ta rubuto cewa da ni ƙanwarta ce da tuni ta wanke ni da mari, wani kuma ya ce zurfin cikina ne zai kashe ni. Ban ji haushi ba, don saura ƙiris maganarsa ta tabbata. Ku dai gyara zama ku ji abin da ya same ni ranar Asabar, sannan ku yanke hukuncinku. Har yanzu da nake wannan rubutu cinyata ta dama tsami take yi.

Waɗanda yau suka fara shigowa, bari in warware muku. Shekarata ashirin da huɗu, ni ce auta a gidanmu, ina aiki a ɗakin karatu na wata makarantar firamare. Ciwo biyu nake fama da su tun ina sha biyar, kuma duka biyun ba sa son in motsa. Na farko asma ce, irin wadda gudu ko hawan bene ke tayarwa. Na biyun shi ne mai wuyar bayani. In na ci abin alkama, burodi ko kek ko biskit, na zauna wuri ɗaya, lafiya lau. In na yi saurin tafiya babu alkama a cikina, tari ne da sarƙewar ƙirji, in shaƙi magani ya wuce. Amma ranar da na haɗa biyun, jikina bore yake yi. Borin jini ya feso, fuska ta kumbura, maƙogwaro ya rufe. Likita ya ce in na ci alkama in ba ta aƙalla awa huɗu kafin in yi wani abin wahala, ya kuma rubuta min wata allura mai kama da ƙaton biro, ya ce ko banɗaki zan shiga in san inda take.

Ranar da ya gama bayanin nan Umma ta dube shi ta ce, "Likita, wane irin ciwo ne wannan mai duba agogo?"

Lokacin dariya muka yi. Dariyar ta ƙare ne shekara biyu da suka wuce, sanda wani ya fito neman aurena. Magana ta yi nisa, har an fara zancen rana. Wata yamma ruwan sama ya ritsa da mu a hanya, muka ɗan ruga zuwa motarsa, asma ta tashi, na ciro abin shaƙa a gabansa. Bai nuna komai ba, har sannu ya yi min. Bayan sati biyu yayarsa ta kira Umma ta ce su a gidansu ba su saba da jinya ba, kuma sun ji an ce ana gadon abin. Umma ta ajiye wayar, ta koma kan keken ɗinkinta ta yi ta takawa babu yadi a ƙarƙashin allura. Baba ne ya zo ya riƙe mata kan keken.

Tun daga ranar aka soke sunan ciwon a gidanmu. Mura ake cewa. "Auta, kin ɗauki maganin murarki?" "Auta, kar ki yi shara, murarki za ta tashi."

Umma tela ce, kuma in ana batun ɗinkin hannu ban ga wadda ta kamo ƙafarta ba. Alfaharinta shi ne ta kama maka yagaggiyar riga ka yi ta juyawa kana neman wurin ba ka gani ba. To wannan hannun ta sa wa jakunkunana. Duk jakar da na saya sai ta farke shafin ciki, ta yi aljihu biyu a bayansa, dogo na allura, gajere na abin shaƙa, ta mayar da shafin yadda yake. Bakin aljihun ɗan tsagi ne can ƙarƙashin zif, sai ka san yana nan za ka zura yatsa biyu ka zaro. Ƙawayena sun sha kifar da jakata suna neman hoda, babu wadda ta taɓa gani. In na ba Umma labari sai ta yi murmushi ta ciji zare.

Sai ga Koci.

Malamin wasanni ne a makarantarmu. Yara ne suka sa masa sunan, har malamai suka ɗauka. Dogo ne, baƙi, usur a wuya kullum, mutumin da bai iya tafiya ba sai sassarfa. Ku duba min ikon Allah, duk mazan garin nan sai wanda gudu ne sana'arsa. Shi kuwa Gimbiya yake ce min.

"Tafiyarki ce ta fara kama ni," ya ce min wata rana a bakin ɗakin karatu. "Kowa sauri yake yi a makarantar nan, ke kuwa kamar ba kya son ƙasa ta ji zafi."

Na sunkuyar da kai ina murmushi. Ta yaya zan ce masa ba yanga ba ce, numfashi nake tattali?

Yana da wani farin akwatin roba da yake fita fili da shi. Abin shaƙar yara bakwai ne a ciki, kowanne da suna a jiki. Kafin ya hura usur sai ya kira su ɗaya bayan ɗaya su shaƙa, ya duba agogo, sannan a fara. Ta tagar ɗakin karatu nake kallonsa. Na san za ku ce to ai ga mijin da ya dace da ke nan, me kike jira? Nima haka na ce wa kaina, ina ta ɗaga ranar faɗa daga wannan sati zuwa wancan. A wata na uku da fara zancenmu wata yarinya ta zube a fili, ashe asma gare ta, mahaifinta bai rubuta a takardar shiga makaranta ba. Cikin ikon Allah ta tashi. Bangon ɗakin karatu ɗaya ne da ofishin shugaban makaranta, don haka duk abin da Koci ya faɗa wa mahaifin a kunnena ya faɗe shi.

"Ciwo ba laifi ba ne, ranka ya daɗe. Ɓoyewar ce laifi. Ka miƙo min 'yarka, ka rufe min ido, ka ce in sa ta gudu. Da ta mutu a hannuna fa? Da wane ido zan kalli kaina?"

Da yamma ya raka ni bakin titi. Ya ce, "Gimbiya, ni komai zan iya yafewa ban da wannan."

Na ce, "Gaskiya ne." Jakata tana rataye a kafaɗata, tsakanina da shi.

Daga ranar bakina ya ƙara nauyi. Na rubuta masa dogon saƙo, ya fara da "Akwai abin da ya kamata ka sani tun farko." Na adana shi a waya. Wata huɗu ina buɗewa, in gyara kalma ɗaya, in rufe. Ina son mutumin nan, ban ɓoye muku ba. Son ne ma ya mayar da ni matsoraciya.

Ranar Juma'a da la'asar saƙonsa ya shigo.

"Mama ta ce gobe ƙarfe huɗu tana son ganin ki. Zan zo ɗaukar ki ƙarfe uku."

Na san a dogon bene suke. Na rubuta, "Hawa na nawa kuke ma?"

"Na biyar. Kar ki damu, Gimbiya, akwai lif. Ba zan wahalar da tafiyar nan ba."

Asabar tun hantsi Umma ta mayar da ɗakinta wurin shiri. Ta ture yadikan mutane gefe guda a kan gado, ta shimfiɗa doguwar rigar leshi ruwan toka da ta kwana tana yi min, mai ƙananan duwatsu a wuya da bakin hannu. Ga mayafi ruwan hoda, ga takalmi mai ɗan tsini, ga sabuwar jaka baƙa mai sarƙa, wadda a safiyar ta gama yi wa aljihu. Ina zaune a gaban madubi tana gyara min ɗaurin ɗankwali, allurai biyu a bakinta, na ce:

"Umma, yau zan gaya masa."

Ta zare allurai daga baki. "Za ki gaya masa me?"

"Murar."

"A gaban uwarsa? Ranar farko?"

"A mota, kafin mu isa."

Ta ja ɗankwalin har sai da na ji a goshina. "Ki bari a ɗaura aure, Auta. In an ɗaura kin zama tasa, ya ji a hankali."

"Umma, shi ba irin wancan ba ne."

"Wancan ma ba irin wancan ba ne, sai ranar da ya gani."

Baba yana falo da rediyonsa, ƙofar a buɗe. Ya ɗan yi gyaran murya ya ce, "Ku bar yarinya ta faɗi gaskiya mana."

Umma ba ta ko juya ba. "Kai ka amsa wayar waccan ranar?"

Baba ya ƙara wa rediyo murya.

Ta dawo gabana ta durƙusa tana daidaita min bakin riga. Muryarta ta yi ƙasa. "Ni na ga yadda kika koma wancan karon, wata biyu abinci sai na tsaya a kanki. Ba zan iya sake gani ba. Ki je ki gaishe ta, ki zauna da natsuwa. Duk abin da aka ba ki ki sa hannu, ban da tsirfa. Zama kawai za ki yi, me zai same ki a zaune?"

Da ta yi min faɗa ne da na iya musu. Amma idonta ya kawo ruwa, ni kuma ban iya ganin hawayen Umma ba. Na ce to.

Ƙarfe uku daidai ya iso, ya sha farin yadi, babu usur a wuya, har wani baƙo ya zame min. Muna hawa titi ya miƙo hannu kujerar baya ya ɗauko wata 'yar roba mai murfi.

"Mama ce ta yi da kanta. Ta ce ki ɗanɗana a hanya, kuma ki shirya, za ta tambaye ki me da me ta sa a ciki. Tsohuwar shugabar makaranta ce, ba ta gajiya da jarrabawa."

Kek ne, yanka biyu, da ɗuminsa. Na kalle shi na yi lissafina na kullum. Mota, lif, kujera. Babu gudu, babu hawa. Na sha cin kek a zaune ban ga komai ba. Na gutsura, na ƙara, yana satar kallona yana jin daɗi, har na cinye yanka ɗaya da rabi. Ga saƙon nan a wayata a kan cinya, ga shi a gefena mu biyu kaɗai, cunkoso ya riƙe mu fiye da rabin awa. Allah ya ba ni lokaci har ya yi yawa. Na ɓatar da shi ina yaba kek.

Da muka kusa unguwarsu muka tarar an haƙe titin ana sa bututu. Dole ya ajiye motar a wani gidan mai. Ya duba agogo, huɗu da kwata.

"Mama ba ta wasa da lokaci. Yau dai ki ara min sauri, Gimbiya, ba nisa."

Ba nisa a wurin mai gudu. Mun fi minti goma muna ratsa tarin ƙasa da ramuka, rana a tsakiyar ka, shi a gaba yana waiwayowa yana dariya, ni a baya da takalmi mai tsini ina haɗiye tari. Ƙirjina ya fara ɗaurewa. Na ce a raina in mun shiga lif zan huta, in mun isa in nemi banɗaki in shaƙi magani.

A jikin ƙofar lif an manna farar takarda da salatif. Ana gyara.

Na tsaya a gindin matakala na ɗaga kai. Ku da kuke cewa ban da wayo, a nan kam na yarda da ku. Na san abin da ke cikina, na san abin da ke gabana. Kalma biyar ta ishe ni.

"Koci."

"Na'am?"

Wayarsa ta yi ƙara. "Ga mu nan a ƙasa, Mama. Minti biyu." Ya kashe ya dube ni, fuskarsa cike da murna kamar yaron da zai kai sakamako gida. "Me kika ce?"

"Babu komai."

Hawa na farko na yi shi da addu'a. A na biyu tari ya ƙwace min, na ce ƙura ce. A na uku tafin hannuna ya fara ƙaiƙayi, sannan tafin ƙafa, sannan fatar kai a ƙarƙashin ɗankwali. Na san wannan ƙaiƙayin, sau biyu ya taɓa zuwar min a rayuwa, kuma duka biyun a gadon asibiti na farka. Leɓena ya yi nauyi kamar ba nawa ba. Na kama ƙarfen matakala ina jan ƙafa, numfashina yana fito da wani siririn sauti. Tsakanin hawa na uku da na huɗu gwiwata ta ƙi, na zauna a kan siminti da leshin Umma.

Sautin ne ya juyo da shi. Mutumin da ya shekara yana sauraron ƙirjin yara ba ya buƙatar bayani. Taku biyu ya yi ya diro gabana.

"Asma gare ki? Ina abin shaƙarki?" Sai ya ɗago haɓata ya ga fuskar. Na ga lokacin da idonsa ya canja. "Wannan ba asma kaɗai ba ce. Kina da allura? Kar ki yi magana, gyaɗa kai."

Na gyaɗa.

"Tana ina?"

Na nuna jaka.

Ya fizge ta ya kifar. Turare, hoda, makulli, caja, tishu, 'yar robar kek da na saka don in mayar wa Mama. Kwalbar turaren ta gangara tana buga matakala ɗaya bayan ɗaya. Ya zuge zif ya zura hannu. Ya girgiza jakar, ya leƙa ciki, ya juya ta wajen hasken taga ya sake leƙawa.

"Babu. Gimbiya, babu komai a nan. Kin bar ta a gida? A mota?"

Ina girgiza kai, ina son in ce ƙarƙashin zif, amma maƙogwarona ya zama kamar bakin kwalbar da aka toshe. Na jawo jakar na laluba tsagin, na same shi, sai yatsuna suka ƙi shiga. Sun kumbura. Umma ta auna tsagin da yatsun lafiya. Ina kallon ɗinkin nan mai kyau, babu zare ko ɗaya da ya leƙo, na ce a raina shi ke nan, aikin Umma ya ci jarrabawa, ni ce zan tafi.

Ya miƙe zai ruga ƙasa, wai mota. Da ragowar ƙarfina na cafki hannunsa na danna shi a jikin jakar ta waje. Ya ji abu mai tauri. Ya tsaya kamar na daƙiƙa ɗaya yana kallona. Sannan ya kafa haƙori a shafin ya yage shi.

Bai tambaye ni yadda ake yi ba. Ya zaro allurar, ya cire murfin, ya danna min ita a gefen cinya ta kan leshin, yana ƙirgawa a fili. Ya zaro abin shaƙa daga ɗaya aljihun ya sa min a baki. Yana ta cewa, "Ki kalle ni. Kar ki rufe ido. Ki kalle ni."

A haka Mamansa ta same mu. Ta ji ƙarar ne ta sauko, takalmi ƙafa ɗaya, tabarau a hannu. Ganinta da ni na farko ke nan, ina zube a matakala, fuska kamar an hura, ɗankwali a ƙasa, kek ɗinta a warwatse a gefena. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta tambayi komai ba. Ta zauna a siminti ta jingina ni da jikinta, ta ce wa ɗanta, "Buga wa maƙwabcinmu na ƙasa ƙofa, motarsa tana ciki."

Sauran a guntu-guntu nake tunawa. Kafaɗarsa, ƙarar hon, fitilun silin suna wucewa.

Na dawo hayyacina daf da magariba, abin oksijin a fuska, ƙarin ruwa a hannu. Labule kore ne ya zagaye gadon. Umma tana tsaye a wajen ƙafafuna, tef ɗin awo har lokacin a wuyanta, ta saka mayafi a bai-bai. Ta riƙe babban yatsan ƙafata kamar wani zai ƙwace ni. Koci yana gefe, farin yadinsa duk ƙasa, jakata a hannunsa. Mamansa tana kan kujera a bakin labule.

Ba su san na farka ba. Shi ne ya yi magana, a hankali, da ladabi.

"Umma, tun yaushe take da wannan?"

Na ji yatsun Umma sun matse ƙafata.

"Wallahi ɗan nan, mu ma abin ya ba mu mamaki. 'Yar mura ce take damun ta lokaci-lokaci. Irin wannan kam yau ne farko."

Na rufe ido don kunya. Umma da ba ta rantsuwa ko a kan kuɗin ɗinki.

Bai ɗaga murya ba. Ya buɗe jakar ya juyo da yagaggen shafin waje, ya shimfiɗa shi a tafin hannunsa.

"Umma, aljihun nan daidai tsawon allurar aka yanka shi. Ko rabin yatsa bai ƙaru ba. Na kifar da jakar nan sau biyu ban gan shi ba." Ya ɗago ya dube ta. "Saura kaɗan in sauka in bar ta, in tafi neman magani a mota. Motar tana gidan mai."

Ban taɓa ganin an yaba ɗinkin Umma ta rasa abin cewa ba sai ranar.

Ya juyo ya ga idona biyu. Ya matso, ya durƙusa daidai fuskata. Idonsa ya yi ja.

"Ke zan tambaya. Yau ne farko?"

Ta bayan kafaɗarsa ina hango Umma. Duk fuskarta roƙo ce. Na ɗaga hannun da babu allurar ruwa na janye abin oksijin. Muryata ta fito kamar ta tsohuwa.

"Shekara tara."

"Da kek ɗin?"

"In na ci alkama na yi wahala. Na sani."

"Kin sani." Ya maimaita a hankali. "Da hannuna na miƙa miki. Na sa ki sauri a rana. Na sa ki hawa bene." Ya mayar min da abin oksijin fuskata, ya gyara igiyar a bayan kunnena, a hankali kamar yadda yake yi wa yaransa. "Ranar da na ce miki komai zan yafe ban da wannan, me kika ce min?"

Na kau da kai. Ya san amsar.

Ya ajiye jakar a gefen gado. Mamansa ta miƙe, ta zo ta dafa goshina ta ce, "Allah ya ƙara sauƙi, 'yata." Ta dubi Umma ta ce, "Sannu da jinya." Suka fita. Labulen ya ɗan yi motsi ya tsaya.

Lahadi aka sallame ni da sabuwar allura da faɗan likita. Ina isa gida na buɗe saƙon nan na wata huɗu na tura masa yadda yake, ban gyara ko kalma ba. Ya karanta cikin minti ɗaya. Bai amsa ba. Litinin na rubuta, "Ka yi haƙuri." Ya karanta. Talata ban rubuta komai ba, na dai wuni ina buɗe hotonsa ina rufewa. Ban je aiki ba, don tagar ɗakin karatu fili take kallo.

Gidanmu ya yi tsit. Baba ya daina kunna rediyo. Umma ba ta hau keke ba tun Asabar, masu kaya suna zuwa tana ba su haƙuri daga bakin ƙofa. Ba ta ce min don me kika faɗa ba, ni ma ban ce mata ke kika ja ba. In ta kawo min abinci sai ta tsaya tana kallon ƙirjina yana hawa yana sauka, sannan ta fita. Ina jin haushinta, ina jin tausayinta, kuma na san ba ita ta ce "babu komai" a gindin matakala ba.

Yau Laraba. Ɗazu bayan azahar na shigo ɗakinta na same ta a bakin gado da baƙar jakar a cinya, tana mayar da shafin. Karon farko a rayuwata na ga ɗinkin Umma ya fito fili, zare a karkace, wani dogo wani gajere. Ta ɗago ta ce:

"Na faɗaɗa bakin. Yanzu hannu ma zai shiga."

Iyakar haƙurin da za ta iya ba ni ke nan, na kuma gane. Na zauna a gefenta na ɗauki waya na fara rubuta muku wannan, don in ban faɗa wa wani ba ƙirjina zai fashe.

Ina kawowa nan saƙo ya shigo. Shi ne.

"Muna ƙofar gida ni da Mama. Da ke za mu yi magana. Ki fito a hankali."

Na karanta sau uku. Babu Gimbiya. Tunda muka fara bai taɓa turo min saƙo babu ita ba. Amma ya ce a hankali. Ban san wanne zan riƙe ba, ban san ko sallama suka zo yi ba.

Na nuna wa Umma. Ta miƙe da sauri ta ciji zaren, ta ɗauko allurar da abin shaƙar daga kan madubi za ta zura su a aljihun. Na riƙe hannunta. Na zare su ɗaya bayan ɗaya daga yatsunta, ba ta hana ni ba.

Ga ni tsaye a bakin ƙofar ɗaki, mayafi a kafaɗa, allura da abin shaƙa a hannun dama inda kowa zai gani. Ina jin muryar Baba a waje yana yi musu sannu da zuwa. Umma tana bayana, ta miƙo hannu, muryarta can ƙasa.

"Auta, jakar."

Na ce, "Bar ta, Umma."